Jarin Lantana

Duk wanda ya yi SS1 a makarantar nan ta bayan kasuwar Dutse Alhaji ya san Hajiya Lantana, ko da bai taɓa sa ta a ido ba. Ita ce matar nan mai kuɗi da ke zaune a cikin jarrabawar lissafi. Kowane zango sai ta fito a tambaya ta huɗu da jarinta a hannu, ta raba shi biyu, ta zuba wani nan, ta zuba wani can, riba ta fito kaza, sannan a ce wa yara su nemo nawa ta sa a kowane ɓangare. Yaran na ce mata "tambayar Madam", don sun san matar Malam Badaru ce, malaminsu na lissafi.

Hajiyar ma ta takarda ce. Lantana ta gaskiya ba ta taɓa taka Makka ba. Atamfa take sayarwa a ɗaki, turmi biyar, turmi shida, a jere a kan tabarma kusa da ƙofa. Amma a takardar mijinta, wai! Ta yi dillancin siminti a Dei-Dei, ta zuba motoci a layin Mararaba, wata shekarar ma har gidan mai ta buɗe.

"Malam, kullum kana ba ni miliyoyi a takarda," take ce masa. "Ka taɓa ba ni ko kwata a hannu mana, in ji yadda ake ji."

Sharaɗi ɗaya ta kafa masa tun farko. Littafin da ake koyarwa da shi, tambayoyinsa duk banki ne da kuɗin ruwa. Ta ce ita kam ko a takarda kada ya kuskura ya sa ta ci kuɗin ruwa. In zai ba ta dukiya ya ba ta ta halak, ta saya ta sayar. Haka kuwa aka yi. Kuma duk ranar da ya dawo gida da takardun yara zai yi makin, sai ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "To, yara nawa suka gano inda na ɓoye kuɗina?"

Shi Malam Badaru Bazazzagi ne, irin masu kunyar nan da ta wuce misali. Tsawon zamansu ba wanda ya taɓa jin ya kira sunan matarsa. A gida "ke" ce, a waje "mutanen gida". Allah bai ba su haihuwa ba, balle a samu Maman wane a fake da ita. Wuri ɗaya tak sunan ke fita daga gare shi, shi ma ba ta baki ba, ta bakin biro.

A tsakiyar zango na biyu ta kwanta. Ƙoda ce. Lokacin da makaranta ta ce kowane malami ya miƙa tambayoyinsa na jarrabawa, suna asibiti. A kan gwiwarsa ya rubuta su, yana zaune a kujerar roba gefen gadonta, da rana tsaka, fanka na juya iska mai zafi. Da ya zo kan ta huɗu sai ya tsaya yana juya biro.

"Ka zo kaina ke nan," ta ce, idonta a rufe.

"Na zo. Miliyan nawa zan ba ki bana?"

"A'a, rage. Dubu ɗari tara ta isa. Ƙasar nan ba tsaro, kada a ji ina da miliyan."

Ya rubuta dubu ɗari tara. Ta ce wani kason a sa mata a atamfa, ribar kashi goma cikin ɗari, sauran kuma a sayo raguna a Dei-Dei kafin Babbar Sallah, ribar kashi ashirin. Ya ɗan yi lissafi a gefen takarda ya ce jimillar ribarta dubu ɗari da talatin ke nan.

"Ke, tunda raguna sun fi riba, me zai hana ki zuba duka a can?" ya ce, don ya ja ta da magana.

"Rago yana mutuwa, Malam. Atamfa ba ta mutuwa." Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi. "Kuma in na zuba duka wuri ɗaya, me za ka tambayi yaran mutane?"

Washegari ya kai takardar ofishin Madam Christina, mai kula da jarrabawa, ta jefa a durowa ta kulle. Bai ajiye kwafi ba. Me zai sa ya ajiye? Bai taɓa ajiyewa ba. Kafin mako ya zagayo aka yi jana'izar Lantana.

Bai yi kuka ba. Mutane suka yi ta yaba masa, wai ga tawakkali, wai ga namijin duniya. Wane tawakkali! Shi ya san ba haka ba ne. Babu komai ne a ciki, shi ke nan. Ya zauna a tabarmar makoki yana amsa "Ya haƙuri?" da "Haƙuri sai ma'aiki", bakinsa na yi shi kaɗai. Aka kawo abinci ya ci. Aka kira salla ya tashi. Wani lokacin ya kan dubi hannunsa a kan gwiwa ya ga kamar na wani ne aka ajiye masa.

Maimunat, yayar Lantana, ta zo daga Zariya da wasu mata biyu suka hau aikin kwashe kaya. Mace ce mai zafin nama, ba ta son ganin abu a zube. Aka fitar da na gado aka raba yadda shari'a ta ce, tufafin sawa aka bayar sadaka, tukwane aka ɗaure a buhu, atamfofin aka mayar wa dillaliya. Duk abin da za ta taɓa sai ta leƙo ta tambaye shi.

"Malam, wannan akwatin fa?"

"Duk yadda kuka gani, Yaya."

"Wayarta fa? Ƙaramar ƙanwarmu ba ta da waya."

"Duk yadda kuka gani."

Da suka tafi, ɗakin ya yi fes, har amsa-kuwwa yake yi. A lokacin ne ya lura da wani abu. Tun ranar da aka binne ta ba wanda ya sake faɗin sunanta. "Marigayiya" ake cewa, ko "mai rasuwa", ko "baiwar Allah". Liman ma da ya yi addu'a, "wannan baiwa taka" ya ce. Ba ɗa, ba takwara, ba shago mai allo a kai. Ya duba wayarsa, a can ma "Gida" ya sa mata.

Sai ya tuna da durowar Madam Christina. A can ciki akwai wata takarda da Lantana ke da dubu ɗari tara, tana shirin sayen raguna. Ba ta rasu ba a can, ba a kwashe mata kaya ba. Ranar jarrabawa za a buɗe ambulan, a raba wa yara, ya ɗauki ɗaya ya ga sunan a buge da baƙin tawada. Abin da ya rage masa ke nan a duniya da yake jira. Ba murna yake yi ba, kada ku ɗauka. Jira ne kawai, irin na mai tsaye a bakin titi da ya san mota ɗaya ce ta rage.

Ya koma aiki. Hanya tana nan yadda ya bar ta: 'yan acaɓa na ihu a mahaɗa, mai shayi na fifita wuta, masu zuwa ofis cikin gari na kokawar shiga mota. Malamai suka yi masa ta'aziyya a ɗakin malamai, ya amsa. Ana cikin haka Madam Christina ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Mace ce mai kirki, wannan ba gardama, ita ce ma ta haɗa kan malamai suka je asibiti dubiya. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da namiji ko mace.

"Malam, sannu fa. Allah ya ba ka haƙuri." Ta rage murya. "Wannan paper naka, na ga sunan Madam yana ciki. In zai dame ka, ba wahala, sai mu yi wani abu a kai."

Ga amsar a bakinsa: a bar shi, don Allah kada a taɓa. Kalma nawa ce? Amma ɗakin cike yake da mutane, ga Malam wane na zuba ruwan zafi, ga Malama wance ta kasa kunne. Ya za a yi namiji, Bazazzagi, ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce yana son ganin sunan matarsa? Sai bakin ya yi abin da ya saba.

"Ba komai, Madam. Duk yadda kika gani."

Ta dafa tebur ta tashi. Shi kuma ya zauna yana gaya wa kansa cewa ai an riga an buga takardun, wa zai sake kashe kuɗin bugu saboda suna ɗaya a wannan makaranta da ko alli sai an yi rigima? Ya yi niyyar ya bi ta ofis in ba kowa. Ya je har bakin ƙofar, ya tarar da iyayen yara a ciki, ya wuce kamar ban ɗaki za shi. Wata ranar ya same ta ita kaɗai, ta ɗago ta ce, "Malam, lafiya?" ya ce lafiya lau, stefular maƙale takardu ya zo aro. Haka kwanakin suka ƙare, bai faɗa ba.

Makon bita ya tsaya gaban 'yan SS1 ya koya musu irin wannan tambaya, kamar yadda yake yi kowace shekara. Abin da ba ka sani ba, ka kira shi x. In an sa x a wuri na farko, abin da ya rage na jarin shi ne a wuri na biyu. Ka fitar da ribar wannan, ka fitar da ribar wancan, ka haɗa su, dole su yi daidai da jimillar da aka ba ka. Daga nan sai warwara. Da "wani mutum" ya yi musu misali. A da, da ya juya allo ajin ke kaurewa da "Sir, nawa Madam ta samu bana?", Umar Farouk na bayan aji har cewa yake a roƙa masa ita ta ɗauke shi yaron shago. Wannan karon ba wanda ya yi tari. Suka kwafa, aka kaɗa ƙararrawa, ya fita.

Ranar jarrabawar lissafi ta zo da safe. A makarantar, malami ba ya tsaron jarrabawar darasinsa. Amma akwai al'ada: da an raba takardu, sai ya shigo ya karanta tasa daga sama har ƙasa, in mai bugu ya yi kuskure ya rubuta gyara a allo, sannan ya fita. Mista Fortune, malamin Turanci, shi ke tsaro ranar. Madam Christina ta kawo ambulan da kanta, ta yage bakin a gaban yara, aka bi layi-layi ana rabawa. Malam Badaru na tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Mista Fortune ya miƙo masa guda.

Bai fara daga sama ba. Idonsa ya tafi kai tsaye kan ta huɗu.

Da Turanci take, amma ga abin da ta ce: wani ɗan kasuwa yana da naira dubu ɗari tara. Ya sa wani kaso a atamfa, ribar kashi goma cikin ɗari, sauran a raguna, ribar kashi ashirin. In jimillar ribarsa dubu ɗari da talatin ce, nawa ya sa a kowanne?

Atamfar na nan. Ragunan na nan. Ko sisi ba a taɓa a cikin kuɗin ba. Ita kaɗai aka cire.

"Na gyara maka, Malam," Madam Christina ta ce a hankali daga gefensa. "Na sa an sake buga page ɗin. Da kuɗina ma na yi, don kar ka gani zuciyarka ya tashi."

"Na gode, Madam," ya ce. "Allah ya saka."

Wallahi haka ya ce. Ya tsaya riƙe da takardar yana jiran ya ji wani abu, haushi ko baƙin ciki, ko ma mene ne. Shiru. Sai dai ƙarar janareton maƙwabta da ta cika masa kunne. Yaran sun sunkuya suna rubuta sunayensu. Ya ga wasu sun leƙa tambaya ta huɗu, sun ɗago sun dube shi, sun yi maza sun mayar da kai. Su ma sun nema ke nan, ba su gan ta ba.

"Oga, akwai correction?" Mista Fortune ya tambaya, yana duba agogo.

"Babu."

Ya juya zai fita. Ƙafarsa ɗaya har ta taka dokin ƙofa. Daga nan sai gida, sai ɗakin nan mai amsa-kuwwa, kuma zango mai zuwa "wani mutum" zai rubuta, da na bayansa, har ya yi ritaya. Ya ga abin a shimfiɗe a gabansa sarai. Sai ya ji kansa yana cewa, "Akwai. Akwai guda ɗaya."

Ya dawo gaban allo. Farin allo ne irin na zamani, wanda mai makaranta ke alfahari da shi a gaban iyaye. Ya ɗauki maka, alƙalamin rubutu a allon, ya cire murfi ya ja. Ba ta kama ba. Ya girgiza ta, ya sake ja, sai wani ɗan fatsi-fatsi da ko na layin gaba ba zai iya karantawa ba. Mista Fortune ya lalube aljihu, ya duba durowar tebur, ya buɗe hannuwa.

"Duk sun bushe, oga. Faɗa musu kawai da baki, lokaci na tafiya."

Kai, wannan makaranta! Malam Badaru ya ajiye makar a hankali. Ya juyo ya fuskanci ajin. Idanu sun fi tamanin a kansa, ga Madam Christina a bakin ƙofa, ga Mista Fortune.

"Tambaya ta huɗu," ya ce. "Inda aka rubuta ɗan kasuwa, ku soke."

Aka ji ƙarar biro ana ja.

"Ku rubuta..."

Ya tsaya. Shekara da shekaru yana zagaye wannan suna a gaban mutane, ko a gaban mai shi. Yaran sun riƙe biro a sama suna jira, kuma kowannensu ya san abin da zai ce, amma ba wanda ya taya shi.

"Lantana," ya ce. Da ƙyar ya fito.

"Sir, ba mu ji ba," Umar Farouk ya ce daga baya. Ba tsokana ba ce, janareton ne.

Malam Badaru ya ja numfashi. "Lantana," ya ce da ƙarfi, har ajin da ke maƙwabtaka da su suka ji. "Hajiya Lantana. Kuɗinta ne."

Kawuna suka sunkuya gaba ɗaya. Ya tsaya yana kallon hannuwa suna motsi, layi bayan layi, kowa na rubuta abu ɗaya. Madam Christina ta sa hannu ta rufe baki, idonta ya ciko. Da ya zo wucewa ta ce, "Malam, ban sani ba, wallahi," ya ce, "Ni ne ban faɗa ba, Madam." Ya fita.

Bayan la'asar ya isa gida da ƙunshin takardu a ƙarƙashin hammata. A makarantar ana haɗa takardar tambaya da ta amsa a maƙale su tare, don haka duk suna nan. Ya shimfiɗa tabarma kusa da ƙofa, daidai inda turamen atamfa suke zama a da, ya zauna, ya kwance igiyar. Ya ciro jan biro.

Bai bi tsari ba. Ya dinga ɗaga shafin farko na kowace yana dubawa. Ga ta nan da rubutu mai kyau a tsaye. Ga ta da rubutun kaza. Wani ya rubuta da manyan baƙaƙe, wata ta matse shi a saman layi don wuri ya yi kaɗan, wani ya ƙara mata Hajiya har da ja masa layi a ƙasa. Bai taɓa ganin sunan da yawa haka ba, ko a ranar ɗaurin aurensu.

Ya tsaya a kan takardar Hafsah, yarinyar layin gaba da ba ta cika magana ba. Ta bi hanyar tsaf. Ta ce x shi ne abin da Lantana ta sa a atamfa. Ta fitar da ribar nan, ta fitar da ta can, ta haɗa, ta warware. A ƙasa ta rubuta amsa ta zagaye ta: Lantana ta sa dubu ɗari biyar a atamfa, dubu ɗari huɗu a raguna.

Daidai ne. Ya ɗora jan biron zai ja mata maki, sai kansa ya ɗago da kansa ya juya wajen ƙofar kicin, kamar yadda ya saba kowane zango.

"Lantana," ya ce. "Sun gano."

Kicin ɗin ba ko tukunya. Ya zauna yana kallon ƙofar, sai ya ji abin ya taso masa daga ciki, mai zafi, wanda tun asibiti bai zo ba. Kewarta ce, ta kama shi gaba ɗaya. Ya yi maza ya tura takardun yaran gefe don kada su jiƙe, sannan ya kifa kansa a kan gwiwa ya yi kuka.